Attarugun Saude

Wata ranar Laraba, a bazarar shekarar 1955, na ciro irin attarugun matata daga inda ta rataye shi a madafa, na sa a aljihu, na tafi taro. Guda bakwai ne, busassu, a jere cikin zare ɗaya. A lokacin ban kira abin sata ba. Aro na kira shi, sai dai ban gaya wa mai kayan ba.

Sunana Zailani. A wancan zamanin ni ne malamin ajin manya a Rano, ina koya wa magidanta karatun boko a ƙarƙashin rumfa bayan la'asar. Na sauke Alƙur'ani, na taɓa fiƙihu da nahawu, kuma duk takardar da ta shigo garin sai na karanta ta, har wadda aka ƙunso sabulu a ciki. Mutane suna cewa na san abubuwa. Ban taɓa musa musu ba.

A shekarar nan aka aiko mana cewa za a buga ɗan littafi a kan noman lambu domin masu koyon karatu, ana so malaman ƙasarmu su duba kalmomin da ke ciki. Mu takwas muke zama duk Laraba a wani aji na makarantar gari, ƙarƙashin Malam Abdulganiyyu, mai duba azuzuwa, mutum mai haƙuri wanda ba ya son komai a duniya kamar a tashi da wuri. Mun wuce albasa lafiya. Mun wuce kuɓewa da tumatir. Da muka zo kan attarugu, sai muka yi wata biyu a wurin.

Ni na ce attarugu za a rubuta. Malam Ja'afaru, malamin ajin Kibiya, ya ce attaruhu. Dogo ne mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare, kuma ya karanta littattafai kusan yawan nawa, abin da ban taɓa yafe masa ba.

"Malam Zailani, harshenka ne ya yi nauyi," in ji shi. "Ka ce hu sau ɗaya, wallahi ba za ka mutu ba."

"Ina cewa gu tun kafin a yaye ka."

"To ai shi ya sa. Tun kana yaro ba wanda ya gyara maka."

Sauran malaman suna dariya, suna rabuwa gida biyu, mako mai zuwa kuma su sauya gida. A zama na bakwai Ja'afaru ya zo da sabuwar dabara. Ya ce ai abu biyu ne ma daban: attaruhu shi ne na ainihi, mai ƙamshi, abin da mutanen Rano suke kira attarugu kuwa wani ragon barkono ne da bai ga attaruhu ko a mafarki ba. Na miƙe tsaye. Malam Abdulganiyyu ya ɗaga hannu ya ce ya gaji. Ya ce Laraba mai zuwa a kawo abin a gabansa, a kawo dattijo ɗaya daga Rano, ɗaya daga Kibiya, duk sunan da suka kira shi da shi, shi za a rubuta.

Na ce ni zan kawo, kuma zan kawo wanda babu irinsa a ƙasar Kano. Na faɗa da ƙarfi, a gaban mutum bakwai.

Sai da na fito na tuna bazara ce. Na zaga kasuwa ranar Lahadi, ba ɗanye ko ɗaya. Busasshen barkono ne da tattasai, sai wasu ƙanjamammun abubuwa da Ja'afaru zai yi shekara yana dariya a kansu. Attarugu na kirki a Rano guda bakwai ne, kuma a madafar gidana suke.

Saude, matata, 'yar Durba ce. Irin nan daga mahaifiyarta ta gaje shi, ita ma daga tata. A gidansu babbar 'ya ce take riƙe shi. Duk shekara takan zaɓi 'ya'yan fari da suka fi kyau, ta bar su su nuna a jikin uwarsu, ta shanya a inuwa, ta shirya su a zare, ta rataye saman murhu inda hayaƙi zai hana ƙwari taɓa su. In ruwa ya kusa sai ta fasa, ta yi reno a cikin fasasshiyar tukunya, sannan ta dasa a ɗan lambunta na bayan ɗaki, kusa da rijiya. Ƙarami ne, mai ƙumburi kamar hular da aka zauna a kai, amma in an jefa rabi a miya har zaure ake ji. Ba ta ba kowa iri. Ɗanye za ta ba ka cike da ƙwarya, ta kuma san ba ya fitowa daidai a ƙasar wani sai an san yadda ake renonsa. Daminar da ta wuce tsutsa ta cinye lambun. Bakwai ɗin nan su ne suka tsira.

Ranar Talata ƙanwarta Kulu ta zo daga Durba ta kwana. Tsakanina da Kulu wasa ne, kamar yadda aka saba da ƙanwar mata.

"Malam na takarda," in ji ta, tana ajiye ƙunshinta. "Har yanzu kuna faɗan barkonon? An ce gemu takwas sun taru a kan abin da nake dakawa kullum."

"Ilimi ne, Kulu. Ba a dakawa."

"To in kun gama ku aiko mana da sunan, mu ga ko miya za ta ƙara daɗi."

Da yamma ina zaure na ji muryarsu ta tashi a tsakar gida. Kulu tana roƙon biyu daga cikin bakwai.

"Yaya, in wani abu ya same su fa? A raba ƙasa, ki dasa biyar a nan, in dasa biyu a can."

"Inna ba ta raba ba."

"Inna ba ta taɓa saura da bakwai ba."

"Ki bari sai kaka, in Allah ya sa sun yi."

"Kullum sai kaka. Yaya, wa za ki bar wa? Ko ba jima ko ba daɗe gidana zai dawo, ni ke da 'ya'ya mata."

Shekararmu goma sha tara da aure, mun binne biyu, ba mu da ko ɗaya. Kulu ta fara cewa ba haka take nufi ba. Saude ta ce mata tuwo ya yi sanyi.

Da asuba Kulu ta shiga madafa ta ɗumama abin karyawa, ta yi sallama a gajarce ta kama hanya. Da hantsi, Saude tana bayan ɗaki tana jan ruwa, na shiga na miƙa hannu. Na ce a raina kafin la'asar sun dawo inda suke.

An kawo dattawan biyu. Na Rano, Baba Alu, tsohon mai lambu ne, idonsa ɗaya ya yi fari. Na Kibiya, Baba Mato, kunnensa ya yi nauyi. Na ciro zaren na ajiye a kan tebur. Kowa ya matso. Sun yi baƙi da hayaƙi, sun motse.

Ja'afaru ya ɗaga zaren da yatsa biyu, ya kalle shi ta saman tabarau.

"Wannan ne babu irinsa a ƙasar Kano? Malam, wannan ai ko busasshiyar kanya ce ba mai ganewa."

Baba Alu ya juya ɗaya a tafin hannu, ya shinshina, ya ce hayaƙi kawai yake ji. Baba Mato ya ce da ido ba a gane busasshe. Ya ce masu lambu in suna son sanin busasshe, a kan garwashi suke ɗora shi. Na ainihi ƙamshinsa ke fara fitowa kafin yajin, na banza kuwa tari kawai yake sa mutum.

"Madalla," in ji Malam Abdulganiyyu. "A samo garwashi."

Aka ɗebo a kasko daga wurin mai ƙosai na bakin makaranta, aka ajiye a tsakiyar ajin. Duk suka juyo suna kallona.

Kalma huɗu ce ta rage mini in faɗa: iri ne, na matata. Na san su, suna bakina. Amma yaya malami zai ce a gaban malamai bakwai da dattawa biyu cewa hujjarsa kayan madafar matarsa ce, ya ɗauko ba da saninta ba, kuma yana tsoron abin da za ta ce? Ja'afaru zai kai labarin Kibiya kafin magariba. Ɗalibaina magidanta ne, za su ji.

"Ko dai Malam yana tsoron kada a ji warin ragon barkono?" in ji Ja'afaru.

Na tsinke zaren da haƙori. Na ce a raina ɗaya ne, shida za su koma. Na jefa.

Ya yi ƙara kaɗan, ya kumbura, ƙamshin ya tashi, ƙamshin miyar gidana a tsakiyar ajin gwamnati. Bayansa yajin ya biyo. Mutane suka fara tari. Baba Alu ya share ido ya ce, "Shi ne. Attarugu ne na gaske." Na dubi Ja'afaru.

Baba Mato ya ce iska ta kai hayaƙin wancan gefen, shi bai ji ba. A ƙara.

Na ƙara. Ya sunkuya a kan kaskon, ya ɗago yana hawaye ya ce, "Attaruhu ne, ba shakka."

Ja'afaru ya tafa hannu. Na ce tsohon bai ji abin da ɗan'uwansa ya ce ba ne, ya faɗi abin da aka koya masa a hanya. Ja'afaru ya ce in janye maganar. Wani malami ya ce na farko da na biyu ƙamshinsu ba ɗaya ba ne, wataƙila an gauraya iri biyu a zaren. Na ce ƙarya ne, duk uwarsu ɗaya. Ya ce to a gwada. Na uku da na huɗu ni na jefa su tare, don in rufe masa baki. Na biyar Ja'afaru ne ya ɗauka daga tebur, ban hana shi ba, domin a lokacin ina tsaye ina kawo masa misali daga wani littafi. Na shida ban san wanda ya jefa ba. Ajin ya cika da hayaƙi, manyan mutane suna rige-rigen taga, rawani yana warwarewa, kuma har a bakin taga ana gu ana hu.

Na bakwai yana hannuna. Na tuna da shi sarai. Na ji 'ya'yan suna motsi a ciki, kamar ƙaramin caki. A cikinsa akwai abin da zai cika lambun Saude.

"Saura ɗaya," in ji Ja'afaru, yana tari. "Ka ɓoye shi ne don ka san shi zai tona maka asiri?"

Na jefa.

Malam Abdulganiyyu ya tashi taron daga waje, yana toshe hanci da hannun riga. Ya ce tunda dattawa sun saɓa, za a mayar da maganar sama. Bayan wata goma littafin ya fito. A shafi na tara an rubuta barkono mai zafi. Babu gu, babu hu.

Saude ba ta lura ba sai washegari. Ina alwala na ji ta tana jan tukwane, tana kakkaɓe buhuna, tana tona toka da hannu. Ta fito da baƙi har gwiwar hannu.

"Malam, ka ga irina?"

Ruwa yana bakina. Na kuskure, na zubar, na sake kuskurewa.

"Wane iri?"

Ta tsaya tana duban ƙusar da zaren yake. Ta ce ɓera ba ya kwance zare daga ƙusa. Ta ce ba wanda ya shiga madafar nan sai ita. Na ga lokacin da tunanin ya zo mata, ya sauka a fuskarta a hankali.

"Sai Kulu," in ji ta.

Ni ba ta ko lissafa ni ba. A shekara goma sha tara ba ta taɓa ganina a madafa ba. Na ce mata kada ta yi zato, zato zunubi ne. Har na kawo mata hujja daga littafi. Ni.

Saude ta aika Durba. Kulu ta aiko da rantsuwa. Ta sake aikawa, Kulu ta zo da kanta, ta tsaya a tsakar gida ta ce a ɗauko Alƙur'ani ta dafa. Saude ta ce ba za ta bar 'yar uwarta ta halaka kanta a kan barkono ba, ta je kawai. Kulu ta juyo wurina.

"Malam, kai mai ilimi ne. Ka taɓa sanina da ɗaukar abin wani?"

"Ban taɓa ba."

"To ka gaya mata."

"Na gaya mata," na ce. Kulu ba ta sake yi mini wasa ba daga ranar.

Da damina Kulu ta sayi iri a kasuwa ta dasa a bayan gidanta, don haushi, ina tsammani, ko don kewa. Wata mai tallan daddawa ta kawo wa Saude labari cewa attarugu ya yi kyau a gidan Kulu. Shi ke nan. Aka yi sunan jikar Kulu, Saude ba ta je ba. Aka yi rasuwar kawunsu, suka zauna a ɗaki ɗaya kwana uku, kowa tana kallon bango.

Na yi ƙoƙari, irin ƙoƙarin matsoraci. Na hau keke na bi Zinyau, na bi Rurum, na bi duk ƙauyen da aka ce wata 'yar Durba ta yi aure, ina neman irin. Sau uku ina kawowa. Takan karɓa, ta ce an gode, ta rena, ta dasa. In ya nuna ta gutsura kaɗan, ta tofar, ta ce, "Ba shi ba ne, Malam." A shekara ta uku ta daina dasawa. Ta bar kaji suka mallaki lambun.

Sau ɗaya na rubuta mata. Shafi biyu, Hausa mai kyau, ba kuskure ko ɗaya. Na ninke na sa a ƙarƙashin faifanta. Na koya wa magidanta sama da ɗari karatu a garin nan, ban koya wa matata ba. Ta kawo mini takardar har zaure, riƙe da hannu biyu, ta ce ga wata takardata ta faɗi, kada ta ɓata, ta ga kamar mai muhimmanci ce. Na karɓa. Na ce ta kyauta.

Duk shekara nakan ce bayan salla. Duk shekara maganar tana ƙara nauyi, domin yanzu ba iri bakwai kaɗai zan amsa ba, har da shekara ɗaya ta gabar da ke tsakaninta da Kulu, sannan biyu, sannan biyar.

A ƙarshen daminar 1960, ana ta shirin bikin samun mulkin kai, ana koya wa 'yan makaranta maci a fili, Saude ta kwanta. Ciwon ciki ne. Kwana tara. A rana ta tara da safe ta ce a kira mata Kulu. Na aika mai keke. Na zauna a bakin gadon, ɗakin ba kowa sai mu biyu, na ce, "Saude."

"Na'am, Malam."

"Akwai magana."

"Bari Kulu ta zo tukuna," in ji ta. "Ina tattalin numfashina." Na bari. Na ji daɗin da aka ce in bari. Wannan ma ina sane da shi.

Kulu ta iso da azahar, ƙafarta duk laka. Ta durƙusa ta kama hannun yayarta. Ina tsaye a bakin ƙofa, labule a kafaɗata.

"Kulu," in ji Saude, "na yafe miki. Irin Inna. Na yafe miki duniya da lahira. Ki riƙe shi da kyau, ki ba Asma'u in ta girma."

Asma'u ita ce babbar 'yar Kulu a aurenta na ƙarshe, wadda take kama da mahaifiyar su Saude. Kulu ta buɗe baki. Na ga rantsuwar shekara biyar ta taso mata har maƙogwaro. Ta dubi fuskar Saude, ta haɗiye.

"Na gode, Yaya," in ji ta. "Zan riƙe."

Na taka ƙafa ɗaya cikin ɗakin. Maƙwabta mata suka shigo da sallama, uku, huɗu, suka cika wurin, wata tsohuwa ta ce Malam ya ɗan ba su wuri za su gyara ta. Na ba su wuri. Ina zaure ina shirya yadda zan fara, wace kalma ce za ta zo farko, sai na ji salati ya tashi daga ciki. Ko la'asar ba a kira ba.

Ranar sadakar arba'in, da mutane suka watse, na tare Kulu a soro na gaya mata duka, da kaskon, da garwashin, da na bakwai. Ta saurara har ƙarshe, ƙunshinta a ka.

"Ni kake gaya wa?" in ji ta. "Ai ni na san ban ɗauka ba."

Ta fita. Ba ta sake taka Rano ba.

Ja'afaru ya rasu bara. Mun gaisa a wata jana'iza kafin nan, ya tambaye ni ko na tuna ranar da muka kori kanmu daga aji da hayaƙi, ya yi dariya har tabaransa ya zame. Ya ce shi yanzu ko ma me aka kira shi ci yake yi. Ita Saude tarugu take cewa, ba ta sa masa komai a gaba. Wata biyu muna gardama, ban taɓa tambayarta ba.

Ƙusar tana nan a madafa. Ni nake dafa wa kaina yanzu, don haka kullum ina ganinta.

Saude, ba Kulu ba ce. Ni na ɗauka.